Na Koma Wutar Rana, Amma da Sauran Magana

Wani ɗalibina da ke karatu a Ingila ya taɓa ba ni labarin yadda magidanci a can yake sauya kamfanin da ke sayar masa da wutar lantarki. Yana zaune a ɗakinsa zai zaɓi wanda yake samar da ita daga iska ko hasken rana, ba a taɓa ko waya ɗaya a gidan ba. Na yi murmushi kawai, domin mu a nan unguwarka ce take zaɓa maka kamfani, babu na biyu. Wanda yake son canji sai dai ya ɗaga kai ya dubi rufin gidansa.

Abin da na yi ke nan, kuma ba don burgewa ba. Cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ya mayar da janareta kayan ado a gidana. A Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin wuta ga 'yan rukunin A daga kimanin Naira 68 zuwa Naira 225 kan kowane ma'auni. Sannan a Oktoban shekarar, bayan lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, yawancin Arewa ta shafe sama da mako guda cikin duhu. Mahaifiyata tana da ciwon suga, allurarta kuwa sai a firji. Ranar da na bi layin masu sayar da ƙanƙara saboda maganinta, ranar na yanke shawara.

Ga abin da na koya, ko zai amfani mai niyya. Farko, ka lissafa kayan da kake kunnawa da awannin da suke yi kafin ka je kasuwa. Fitilu da fanka da firji ba su da ci sosai. Dutsen guga da abin dafa ruwa su ne masu zuƙe batir. Na biyu, faranti ba shi ne matsala ba, yakan haura shekara ashirin. Batir ne ke cin kuɗi: na ruwa yana da sauƙin farashi amma 'yan shekaru kaɗan yake yi, na litiyam yana da tsada amma ya fi juriya. Na fara da wani mai araha wanda ba shi da takardar garanti, bai cika shekara ba ya mutu. Araha dai ba ta ado. Na uku, ƙurar hunturu tana rage ƙarfin faranti, sai ana gogewa a kai a kai, kuma a nemi ƙwararren mai haɗawa, domin siririyar waya gobara take jawowa.

Sai dai wani abu yana ci mini tuwo a ƙwarya. Da daddare gidana yana haske, maƙwabcina tela kuwa yana ɗinki da fitilar waya. Idan duk masu hali suka tsere kan rufinsu, su wa za su rage suna matsa wa hukuma a gyara wutar kowa? Rana ta kowa ce, amma kayan tara haskenta na masu kuɗi ne.

Dokar lantarki ta 2023 ta bai wa jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Don haka gwamnoninmu ba su da sauran uzuri. A ba kamfanoni lasisin kafa ƙananan tashoshin sola a unguwanni da kasuwanni, a samar da tsarin biya kaɗan-kaɗan ga malamin makaranta da mai walda da mai niƙa. An kafa wa Jami'ar Bayero tata tashar tun 2019, ke nan ba sabon abu ba ne a wurinmu. Ranar da tela zai iya zaɓar mai sayar masa da wuta, ranar zan ce mun yi canji.

Sai mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.