Ba Kowane Ciwon Gaɓɓai Ne Sanyi Ba

A Kademi, kamar a Gaya da Ajingi, da mutum ya ce gwiwarsa na ciwo, kafin ya rufe baki an yanke hukunci: sanyi ne. Daga nan sai kemis, a ƙulla masa haɗi a leda, diclofenac da dexamethasone, ko a sayo masa jiƙo. Wannan ra'ayi ya daɗe yana nakasa mutane, bai kamata a ci gaba da yi masa kara ba.

Cututtukan gaɓɓai sun haura ɗari. Matar da ke tashi da asuba yatsunta a sandare, ta kasa ɗaga butar alwala, ba sa saki sai hantsi, wataƙila garkuwar jikinta ce ke yaƙar gaɓɓanta. Manomin da babban yatsan ƙafarsa ya kumbura cikin dare, ko mayafi ba ya son ya taɓa shi, wani sinadari ne ya taru ya daskare a gaɓar. Yaron da ya yi ciwon maƙogwaro, bayan makonni ciwo ya riƙa yawo daga gwiwa zuwa gwiwar hannu, zuciyarsa ce ke cikin haɗari. Ga kuma masu sikila. Ta yaya leda ɗaya za ta ishi dukkansu?

Masana yanzu suna nazarin jiki a dunƙule: dubban ƙwayoyin gado da ƙwayoyin halitta a lokaci guda, kwamfuta na gano yadda suke cuɗanya. A 2014 hukumar binciken lafiya ta Amurka, NIH, ta soma irin wannan aiki tare da kamfanonin magani. A 2023 mujallar Nature ta buga sakamako daga ƙwayoyin halitta fiye da 300,000 da aka ɗebo daga gaɓɓai: amosanin gaɓɓai na garkuwar jiki, da ake ɗauka cuta ɗaya ce, kumburinsa ya kasu gida shida. Hakan na iya bayyana dalilin da ya sa maganin da ya karɓi wani bai karɓi wani ba.

Masu kare haɗin kemis sukan ce ai ana samun sauƙi. Ana samu, na kwana biyu. Dexamethasone kan kumbura fuska, ya tayar da sukari, ya raunana ƙashi. Diclofenac kan jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Cutar kuwa tana ƙarƙashi tana cin gaɓa, alhali methotrexate, idan likita ya fara shi da wuri, yakan hana yatsu karkacewa.

Mafi yawan bayanan gado da duniya ta tara na Turawa ne. Ya kamata Jami'ar Bayero da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano su sa mutanen karkara cikin irin wannan bincike, gwamnatin jiha kuma ta samar da gwajin jini mai rahusa a Babban Asibitin Gaya. Mai karatu, gaɓar da ta kumbura har mako shida, a kai ta asibiti a auna.