Wa ake saya wa maganin barcin nan?

Jama'ar unguwa, a wannan fitowa maganarmu da maza ce. Mata na iya karantawa, amma don Allah kada wata ta ɗauki mujallar ta je ta dangwara wa maigida a gaba. Ku bar mu da su, mu ma a cikinsu muke.

Kwanakin baya, bayan an sallame sallar asuba a masallacin layinmu, wani matashi ya tsaya har jama'a suka watse. Haihuwar fari aka yi masa, yaron bai cika wata biyu ba. Ya ce, "Malam, a taimaka mana da rubutu, yaron nan ba ya barci. Ana idar da isha'i zai fara, ya yi ta yi, ya ɗan lafa ya sake tashi. Anya ba wani abu aka yi masa ba?" Muka ce to, sau nawa yake tashi a dare? Bai ƙirga ba. Yana kama nono sosai? Sai dai a tambayi uwar. Jikinsa da zafi? Shiru. Muka ce kai a ina kake kwana? Ya sunkuyar da kai, ya ce tun bayan suna ya koma shagon ƙanensa a ƙofar gida, saboda yana sammakon kasuwa. Sai da muka matsa masa sannan ya ce ai har magani ya sayo a kemis, wani ruwa a kwalba, ana ba yaron rabin cokali da dare. Kwana biyun farko ya yi barci kamar gawa, yanzu kuma ya daina ji.

Kamar gawa. Shi da bakinsa ya faɗa, bai ma ji nauyin kalmar ba.

Da shi kaɗai ne, da mun yi masa faɗa a tsakaninmu mun rufe maganar. To ba shi kaɗai ba ne. Wanda ke zaune a kasuwa daga safe zuwa magariba yana jin abubuwa. Wannan ya ce Piriton yake sayowa, wancan ya ce Phenergan ya fi aiki, wani ya ce kowane maganin tari ma yana yi. Ana ba juna shawara kamar ana maganar takin citta. Kuma abin da muka lura da shi, a cikin masu wannan hira da wuya ka sami wanda ya taɓa raya dare ɗaya da jaririn a kafaɗarsa.

Mu faɗi gaskiya ko da za ta yi ɗaci. Jaririn nan bai ce yana son maganin barci ba. Mu ne muke son barcin, sai muka ɗura wa wanda ba ya iya cewa a'a.

Tashin dare ga jariri ba ciwo ba ne, haka Allah Ya halicce shi. Cikinsa ɗan mitsitsi ne, nonon uwa kuma ba ya daɗewa a ciki, don haka sabon haihuwa yakan nemi nono sau 8 zuwa 12 a yini da kwana, ba ruwansa da cewa ƙarfe biyun dare ne. Bai ma san bambancin dare da rana ba tukuna, sai a hankali yake koya. Kukan nan na yamma da farkon dare da ke firgita sababbin iyaye, likitocin yara sun daɗe da saninsa: yakan yi tsanani wajen mako na shida, ya fara sauƙi a wata na uku ko na huɗu. Ko bayan nan yara da yawa suna tashi sau ɗaya ko biyu har su shekara. Tsofaffinmu ba su karanta wannan a littafi ba, amma sun sani, shi ya sa za ka ji tsohuwa ta ce a yi haƙuri, na ɗan lokaci ne. Sannan shan nonon dare shi ke ƙara kawo wa uwa ruwan nono. Yaron da aka bugar da magani bai tashi ya sha ba, nono ya ja baya, gobe ya fi jin yunwa, kukan ya ƙaru, a ƙara cokali. Ina aka dosa ke nan?

Waɗanda suka kai shekarunmu ba su manta da My Pikin ba. A ƙarshen 2008 ne, maganin haƙoran yara da wani kamfani a Legas ya yi. Iyaye suka saya da kuɗinsu, da kyakkyawar niyya, don yaro ya daina kuka ya yi barci. Ashe an haɗa shi da wani sinadari mai guba na masana'antu. Yara suka fara zazzaɓi da amai, fitsari ya ɗauke, ƙoda ta tsaya. Asibitin koyarwa na ABU da ke Zariya, nan cikin jiharmu, yana daga cikin wuraren da aka fara kai su. Ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce yara 84 suka rasu. NAFDAC ta rufe kamfanin, a 2013 kotu ta ɗaure biyu daga cikin ma'aikatansa shekara bakwai-bakwai, amma ɗaurin bai dawo wa kowace uwa da ɗanta ba. A 2022 kuma aka sake jin irinsa a Gambiya, yara wajen 70 suka mutu bayan sun sha magungunan tari da aka shigo da su daga Indiya.

Wani zai ce ai waɗancan gurɓatattu ne, nawa mai kyau ne, da lambar NAFDAC a jikinsa. To, lambar ba ta ce ka ba ɗan wata biyu ba. Phenergan mai kyan ma an hana ba yaron da bai kai shekara biyu ba, domin yana iya rage masa numfashi har ya tsaya a cikin barci. Piriton ba na jarirai ba ne. Maganin tari mai kodin kuwa, wanda gwamnatin tarayya ta hana yi da shigo da shi a watan Mayun 2018 bayan rahoton da BBC ta yi kan yadda yake lalata matasanmu, shi ne muke tsine wa a wa'azi idan mun ga samari suna layi a lungu. To me ya bambanta mu da mai sayar musu, idan mu da hannunmu muke koya wa ɗan jariri cewa barci a kwalba yake?

Masu kemis na unguwa, 'yan'uwanmu ne, sahu ɗaya muke tsayawa. Mu ma 'yan kasuwa ne, mun san zafin mai saye ya juya ya tafi shagon gaba. Amma akwai cinikin da barinsa ya fi. In mutum ya zo ya ce a ba shi abin da zai sa jariri barci, a tambaye shi watannin yaron, a tura shi asibiti. Ribar kwalba ɗaya nawa take?

Yanzu mu juyo kan kanmu, mu da ake kira malamai, don in ɓera da sata daddawa ma da wari. Sau nawa aka kawo mana kukan jariri muka ce iska ce, ko baki ne, ba mu tambayi komai ba? Addu'a gaskiya ce. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, yana nema wa jikokinsa Hasan da Husaini tsari, mu ma muna yi wa namu, ba za mu daina ba. Amma addu'a ba ta hana a taɓa goshin yaro a ji ko da zafi. Mafi muni shi ne a ce wa uwa wai wata ce ta kama mata kurwar ɗa. Daga nan sai a fara lissafin wace ce ta shigo barka, wace ce ta ɗauke shi ta daɗe tana kallo. Mun ga zumuncin shekara ashirin ya mutu a kan wannan. Kuma a gari irin Kafanchan, inda maƙwabcin bayan katangarka mai yiwuwa ba addininku ɗaya ba, wanda ya ga 1987 ya ga 2011 ya san abin da ƙaramin zargi ke iya haifarwa. Yaro yana kukan iska a ciki, gyatsa kawai yake nema, mu kuma muna neman mayya.

Haka batun kiran wanzami ya cire beli don wai shi ke hana yaro barci. Belin nan kowa da shi aka haife shi. Abin da aska ke jawowa shi ne zubar jini, da ciwon da zai hana yaron kama nono, wani lokaci har da sandarewar wuya. Zuma ma da ake lasa wa jarirai don su yi shiru, likitoci sun ce a bari sai yaro ya shekara. Wata shidan farko nono zalla, ko ruwa ba ya buƙata.

To, mun ji masu cewa, "Malam, raino ai aikin mata ne, haka muka taras." Haka muka taras, gaskiya ne. Mu ma da aka yi mana haihuwar fari a zaure muka yi arba'in, ko ɗaukar yaron ba ma yi a gaban mutane saboda kunyar ɗan fari. Amma ku tuna gidan da muka bar mai jego a ciki. Akwai kakar yaron, akwai goggo, akwai matan 'yan'uwa, akwai ungozoma tana zuwa safe da yamma. In haihuwar fari ce ma, gidan iyayenta take tafiya wanka. Yaro ya yi kuka, hannu biyar ne ke jiran karɓarsa. Ita uwar nono kawai take bayarwa ta koma ta kwanta.

Yau fa? Kakanninmu da yawa layin dogo ne ya kawo su garin nan, suka kafa manyan gidaje. Gidajen an raba gado an yanka su ɗaki-ɗaki. Wasu dangin sun koma Kaduna, Zariya, Kano, Jos bayan rikice-rikicen da aka yi, ba su dawo ba. Kuɗin mota da halin hanya sun sa tsohuwa ba ta iya zuwa ta yi wata biyu kamar da. Yarinya 'yar shekara sha tara ko ashirin tana ciki da falo na haya, ita kaɗai da jariri, ba wuta, ga sauro, ga maƙwabcin ɗaki yana buga bango wai an hana shi barci. Mun riƙe rabin al'adar da ya yi mana daɗi, wato miji ya fice, ɗaya rabin da ke kare matar kuwa ya tafi ba mu ce komai ba. Sannan gari ya waye mu shigo muna tambayar ina koko, me ya sa ba a share tsakar gida ba.

Mai mata biyu kuma abin ya zo masa da sauƙi, ya tattara ya koma ɗakin ɗayar, ya ce ai mai jego ba ta da girki. Girki ne ba ta da shi, hakki tana da shi, ɗan kuma naka ne.

Masu cewa ɗaukar yaro zubar da girma ne, za a ce musu mijin-ta-ce, ga tambaya. Wa ya fi Annabi girma? Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, in zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. Ya tabbata yakan shiga salla da niyyar tsawaitawa, ya ji kukan yaro ya taƙaita, saboda ya san halin da uwar ke ciki. Sallar jam'i guda aka rage wa tsawo don zuciyar mace ɗaya. Aya ta 233 a Suratul Baƙara da muke karanta wa mata don su shayar shekara biyu, ita ce dai ta ɗora wa uba ɗawainiyar mai shayarwa, ta kuma hana a cutar da uwa saboda ɗanta. Mukan karanta farkon da ƙarfi, mu bi ta kan sauran da sauri.

"Ina da kasuwa da safe." Mu ma muna da ita. Ba a ce ka raya dare duka ba, ba ka da nonon da za ka bayar. Amma in ta gama shayarwa, karɓe shi ka ɗora a kafaɗa, ka shafa bayansa har ya yi gyatsa, ka yi ta zagaya ɗaki da shi kana salati a hankali. Ka duba ko ya jiƙe, ko zafi ya dame shi, ko sanyi. A watannin hunturu kada a rufe ɗaki da garwashi a ciki, kada a kunna maganin sauro na hayaƙi a kansa, a sa shi a gidan sauro. A kwantar da shi rigingine, ba rub-da-ciki ba, kada a tula masa bargo har fuska. Kai da kake tashi tun kafin kiran assalatu, riƙe shi wannan sa'ar ta samu ta runtsa. Bayan asuba, maimakon zaman teburin mai shayi har hantsi, koma gida ka ba ta sa'a guda. In ƙanwarka ko tata za ta iya zuwa ta kwana biyu, kai ne za ka nemo ta ka biya kuɗin mota. In kuma ranka ya ɓaci da kukan, ajiye shi a shimfiɗa ka fita ka sha iska. Kada a kuskura a jijjiga jariri da ƙarfi cikin fushi, ƙwaƙwalwarsa ba ta ɗauka, ana rasa yara ta haka.

Ita ma uwar a sa mata ido. Macen da ta yi makonni ba barci, ka ga tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, ko tana cewa ba ta son ganin yaron, ba rashin tarbiyya ba ne, ba kuma lalle aljanu ba. Ciwo ne da ke kama wasu mata bayan haihuwa, kuma ana maganinsa.

Akwai kukan da ba a jira da shi sai gari ya waye. Jariri ya yi zafi, musamman wanda bai kai wata uku ba. Ya ƙi kama nono sam. Numfashinsa ya yi sauri, haƙarƙari na shiga ciki. Ya yi taune-taune, ko jikinsa ya saki ana tashinsa ba ya tashi. Amai da gudawa har maɗiga ta faɗa. Idonsa da tafin hannunsa su yi ɗorawa. Wannan sai asibiti, a daren. Garin nan da babban asibiti, da kwalejin koyar da jinya da ungozomanci, da ƙananan asibitoci a unguwanni, ba mu da uzurin mutumin ƙauye mai tafiyar sa'a uku. Mun kuma sha ganin dokar hana fita a nan, don haka tun yau kowane mai jariri ya san lambar mai babur ko mai Keke da zai ɗaga waya ƙarfe biyun dare. Babban haɗarin kwalbar nan ma ke nan: yaron da aka bugar, ta yaya za a gane barcin magani ne ko ciwo ne ya kwantar da shi?

Shi wancan matashi mun yi wa ɗansa addu'a, mun ce ya kawo kwalbar, ya kawo, tana nan a ajiye a shagonmu ga mai son ya ga irinta. Mun ce ya kai yaron a duba shi, ya kuma kwashe tabarmarsa daga shagon ƙanensa. Daga yau duk wanda ya zo masallacin layinmu neman tofi don kukan jariri za a yi masa, in sha Allahu, ba a karɓar ko kwabo. Amma sai ya amsa tambayoyin nan huɗu da aka yi wa ɗan'uwansa, har da ta inda yake kwana.