Sharhi: Lasisin Kamun Kifi da Nauyin da ke Wuyan Masunta a Yankin Faskari

Kamar yadda aka sani, noma da kiwo su ne manyan sana'o'in al'ummar ƙananan hukumomin Faskari da Ƙanƙara da Sabuwa. To amma duk wanda ya taɓa yin sammako zuwa bakin madatsar ruwa ta Mairuwa, ko ya zaga rumfunan masu soyayyen kifi a ranar kasuwa, ya san cewa akwai gidaje da dama da tukunyarsu ba ta hawa murhu sai da abin da aka ciro daga ruwa. Da masunci da ɗan sari da mai banda da matar da ke soyawa a gida da yaron da ke talla, duk kifin nan guda suke jira. Koken da ake yawan ji daga bakin dattawan masunta kuwa shi ne, kifi ya ragu, wanda ake samu ma ƙanana ne, ba irin na da ba. Wannan ne ya sa muka ga ya dace mu yi nazari a kan batun lasisin kamun kifi da tsarin ƙayyade kason da za a kama, domin jama'armu na karkara da jami'an ƙananan hukumomi su san abin da doka ta ce, da kuma abin da ya rage a yi.

Da farko dai, mene ne tsarin ƙayyade kaso? A ƙasashen da suke aiki da shi, masana kan ƙiyasta yawan kifin da ke cikin ruwa, sannan hukuma ta yanke adadin da za a iya kamawa a shekara ba tare da an taɓa iri ba. Wannan adadi shi ake rabawa ga masu lasisi, kowa da nasa kason, kuma wajibi ne a kan kowane ɗayansu ya auna abin da ya kama, ya rubuta, ya kai rahoto, idan ya cika kasonsa kuma ya naɗe komarsa sai wata shekara. Ƙasar Niyu Zilan ta fara aiki da irin wannan tsari a shekarar 1986. Ita kuwa Kanada ta ɗanɗana kuɗar sakaci, domin an yi ta kwasar wani nau'in kifin teku a gabashin ƙasar har ya kusa ƙarewa, abin da ya tilasta wa gwamnati hana kama shi a shekarar 1992. Kimanin mutane dubu 30 ne suka rasa abin yi, kuma ba a ɗage wannan hani ba sai a shekarar 2024, wato bayan shekaru 32. Idan har teku mai faɗi zai iya ƙarewa da kifi, ina ga madatsar ruwan da mutum ke iya hango ƙarshenta daga inda yake tsaye?

A nan gida Nijeriya, alƙaluman da jami'an Gwamnatin Tarayya suka sha bayyanawa sun nuna cewa ƙasar nan na buƙatar kifi kimanin tan miliyan 3.6 a kowace shekara, alhali abin da ake samarwa a cikin gida bai wuce kusan kashi ɗaya cikin uku na wannan adadi ba. Idan ba a manta ba, a shekarar 2014 Ma'aikatar Aikin Gona ta Tarayya, a ƙarƙashin Dokta Akinwumi Adesina, ta ƙayyade wa 'yan kasuwa kason daskararren kifin da za su riƙa shigowa da shi daga waje, da nufin ƙarfafa wa masu samarwa a gida guiwa. Saboda haka duk kifin da aka ɓarnatar a Mairuwa ko Gwaigwaye ko Zobe ko Jibiya, giɓi ne da za a cike da kifin ƙetare, wanda talaka ke saye da tsada.

Dokar da ta shafi ruwayenmu na cikin ƙasa ita ce doka mai lamba 108 ta shekarar 1992. Wannan doka ta ce babu wanda zai yi su da jirgin ruwa mai inji sai ya mallaki lasisi, kuma Kwamishinan da ke kula da harkar kifi a jiha shi ake nema wa wannan lasisi. Wajibi ne mai jirgin ya rubuta lambar rajistarsa a jikin jirgin, ya kuma bayyana abin da ya kama ga jami'in gwamnati duk lokacin da aka buƙaci haka. Bugu da ƙari, dokar ta hana yin su da ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, wato inci 3, in ban da wasu kayan da aka keɓe domin kama wani nau'in ƙananan kifaye da ba sa girma. Haka zalika ta haramta kama kifi da guba ko nakiya ko wutar lantarki. Ta kuma bai wa Kwamishina ikon rufe wani ɓangare na ruwa, ko rufe su gaba ɗaya na wani lokaci, yayin da ruwan da ya ratsa jiha fiye da ɗaya yake ƙarƙashin ikon Minista.

Akwai abubuwa guda uku da ya kamata mu lura da su a cikin wannan doka. Na farko, lasisin da ta ambata na jirgi mai inji ne, alhali mafi yawan masuntanmu da gora ko kwale-kwale na hannu suke shiga ruwa, suna amfani da koma da birgi da kalli da ƙugiya. Tsara rajistar irin waɗannan masunta nauyi ne da ya faɗa wuyan jihohi da ƙananan hukumomi. Sai dai kada wani ya ɗauka cewa rashin inji ya fitar da shi daga doka, domin hanin zuba guba da na ƙaramin idon raga ya hau kan kowa da kowa. Na biyu, dokar ba ta yanke wa kowane masunci adadin kilon da zai kama ba. Abin da ta ƙayyade shi ne irin kayan aiki da wuri da lokaci. Na uku, tarar da ta tanadar wa laifuffukan masunta, wadda ba ta wuce 'yan ɗaruruwa zuwa 'yan dubban naira ba, an rubuta ta ne da darajar kuɗin shekarar 1992, kuma a yau cinikin kwando guda na iya biyan ta. Abin da ya rage mai tsoratarwa shi ne ɗauri da ƙwace kayan aiki.

A ganinmu, kuskure ne a yi gaggawar kwaikwayon ƙasashen waje a ce an yanke wa kowane masunci kaso da kilo, domin ba a raba abin da ba a ƙidaya ba. Kifinmu da kwando da daro da tsibi ake sayar da shi, ba da sikeli ba, kuma wuraren da ake fitowa da shi daga ruwa suna da yawa. Kason da ba a gina shi a kan ƙididdiga ba, zai zama wata ƙofa ce kawai ta karɓar na goro. Matakin farko shi ne a san masunta nawa ne ke shiga kowane ruwa, da irin kayan da suke amfani da su, da kuma abin da suke kamawa a kowane wata. Wannan shi ne babban amfanin lasisi. Ba haraji ne kurum ba, rajista ce da ke tabbatar wa masunci haƙƙinsa a ruwan, ta kuma ɗora masa nauyin kare shi.

Ba sai mun je nesa neman misali ba. A tafkin Kainji, wanda ya samu bayan kammala madatsar ruwa a shekarar 1968, an gudanar da wani shirin haɗin guiwa tsakanin Nijeriya da Jamus tun daga shekarar 1993. A ƙarƙashin shirin an riƙa ƙidaya masunta da jirage da kayan su, jihohin Neja da Kebbi suka kafa dokokinsu na kamun kifi, aka hana amfani da tarun dala mai kwashe manya da ƙanana, aka kuma shigo da sarakunan ruwa cikin aikin bayar da lasisi. Darasin da ke ciki shi ne, doka ta fi karɓuwa idan ta biyo ta hannun shugaban da masunta suka sani, kuma da zarar sa ido ya yi rauni, haramtattun kayan kan sake bayyana.

Hasali ma, rufe ruwa ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. A Argungu, kogin Matan Fada a rufe yake a mafi yawan shekara, ba mai shiga sai an ba da izini, shi ya sa ake fito da manyan giwan ruwa a bikin kamun kifin da ya samo asali tun shekarar 1934, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin jerin al'adun duniya a shekarar 2016. A garuruwanmu ma iyaye da kakanni ba sa faɗa wa tafki yadda suka ga dama, sai Sarkin Ruwa ya sa ranar su, an yi shela, sannan a shiga tare. Abin da masana ke kira ƙayyade kaso a yau, magabatanmu sun yi shi da kwanaki da watanni maimakon sikeli.

Saboda haka, nauyin da ke wuyan masunci a fili yake. Ya yi rajista, ya riƙe takardarsa, ya sabunta ta a kan lokaci. Ya guji mayar da gidan sauro ragar kamun kifi, domin hakan asara biyu ce, an bar yara ga zazzaɓin cizon sauro, an kuma kwashe 'ya'yan kifin da za a ci a baɗi. Ya ɗaga wa ruwa ƙafa a farkon damina, lokacin da tarwaɗa ke bin sabon ruwa zuwa cikin ciyayi domin zuba ƙwai, tunda uwa guda da aka kama a wannan lokaci dubban kifaye ne aka kashe. Sama da komai, ya nisanci zuba magimfa ko Gamalin ko wani maganin ƙwari a ruwa. Madatsar Mairuwa tana cikin wuraren da garin Funtua ke samun ruwan sha, dabbobinmu ma a irin waɗannan wurare suke sha, sannan Gulbin Sakkwato da ya faro daga wannan yanki yana gangarawa ta Gusau har zuwa madatsar Bakolori. Gubar da mutum guda ya zuba domin cika kwandonsa, ba shi kaɗai za ta tsaya wa ba.

Su ma jami'an ƙananan hukumomi akwai nasu nauyin. Duk kuɗin da aka karɓa daga hannun masunci, a ba shi rasiɗi na gwamnati. A buɗe littafi a kowane mashigin ruwa, a riƙa rubuta sunayen masu shiga da yawan kwandunan da suka fito da su da nau'in kifin, ko karfasa ce ko tarwaɗa ko ƙurungu. Wannan aiki ba ya buƙatar kwamfuta, malamin gona guda da wakilin Sarkin Ruwa sun isa. Idan aka yi shekara biyu ko uku ana haka, hukuma za ta iya yanke adadin lasisin da kowane ruwa zai ɗauka da hujja, ba da ƙiyasin baki ba. Haka kuma kada a bambanta tsakanin ɗan gari da baƙon masuncin da ya zo cin rani, ko tsakanin mai galihu da maras shi, domin ranar da aka ƙwace ragar talaka aka bar ta mai uwa a gindin murhu, ranar doka ta mutu.

Ba za mu manta da matsalar tsaro da ta addabi wannan yanki na tsawon shekaru ba, wadda ta raba mutane da yawa da gonakinsu, ta kuma sa wasu suka koma ga ruwan da ke kusa da gari domin neman na sawa a bakin salati. Irin wannan cunkoso a kan ruwa kaɗan yana ƙara gaggauta ƙarewar kifi. Wanda yunwa ta kora ruwa, hani kaɗai ba zai fitar da shi ba. Dole ne duk watan da aka rufe ruwa a haɗa shi da mafita, kamar tallafin kiwon kifi a kududdufi, da noman rani, da zuba sabon irin kifi a madatsu, da musanya wa masunta haramtattun ragarsu da masu inganci ta hannun ƙungiyoyinsu.

Daga ƙarshe, muna kira ga hakimai da dagatai da masu unguwanni da sarakunan ruwa da limamai da su wayar da kan jama'a a kan wannan al'amari tun kafin ruwan sama ya sauka. Muna kuma kira ga masunta da su kafa ƙungiyoyi, su tuntuɓi sashen aikin gona na sakatariyar ƙaramar hukumarsu domin sanin ƙa'idojin da suka shafi ruwan da suke shiga. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani, kuma kifin da aka bari ya yi ƙwai bana, shi ne jarin baɗi. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.