A daina mantawa da duwatsun tsohuwa wajen rabon gado

Idan tsohuwa ta rasu a wajenmu, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, akan ƙirga awaki, a zagaya gona, a kai 'yan kunnen zinariya birni a auna. Duwatsun wuyanta kuwa, da ke ƙulle cikin tsumma a ƙasan adudu, sai a bar wa jikoki su yi wa 'yar tsana ado, ko dillaliya ta karɓe su a kuɗin sabulu. Ni dai sakaci nake kiran wannan, kuma haƙƙin magada ne ke salwanta.

Yawancin duwatsun nan gilashi ne, amma ba daga hannu ɗaya suka fito ba. Akwai aikin Masaga na Bida, inda ake naɗa narkakken gilashi a tsinken ƙarfe, shi ya sa da wuya ka sami guda biyu masu girma ɗaya. Akwai na Benis ta Italiya, masu zanen fure ko tauraro, waɗanda fatake suka riƙa ƙetarowa da su ta Sahara; matafiyin nan Bature Barth, da ya zo Kano a 1851, ya lissafa duwatsun Benis cikin hajar da ake shigowa da ita. Na ƙasar Cek kuma a mazubi ake matsa su, za ka ga ɗan siririn layi ya zagaye dutsen.

Gwajin ba wuya. Ɗora dutsen a kunci: gilashi sanyi gare shi da nauyi, roba kuwa sakayau. Ƙwanƙwasa a haƙori ka ji ƙara. Sannan leƙa hudar. Dutsen da ya shekara aru-aru a wuya, zare ya cinye bakin hudarsa ta yi sumul, jikinsa ya dusashe. Mai ƙyalli da kaifin baki, kwanan nan aka yi shi, komai rantsuwar mai sayarwa.

Ba cewa nake kowace tsohuwar tsakiya dukiya ce ba. Wasu ko kuɗin mota zuwa Kano ba za su fanshe ba. Amma wanda ya biyo ka har gida yana neman saye bai kamata ya zama mai yanke farashi ba. A kai Kasuwar Kurmi, a nuna wa mutum biyu ko uku, kowa a rumfarsa, ba tare da an ce na sayarwa ne ba. Kada a goge, kada a tsinke zaren a cakuɗa da sababbi, domin cikakken jeri ya fi tsintattsu daraja. In an ji kuɗin, a rubuta shi cikin lissafin gado kafin malam ya zauna rabo.