Sharhi: Haramcin acaɓa a Abuja da rayukan da ke salwanta a bakin manyan tituna

Duk wanda ya bi titin Kubwa da sanyin safiya, ko ya taso daga Nyanya zuwa mahaɗar AYA, ba zai rasa ganin babur a gefen hanya ba. Wani ya goyo mutum biyu, wani ya ɗaure buhunan kaya, wani kuma yana tafe a hannun da ba nasa ba, yana fuskantar motocin da ke tahowa a guje. Kaɗan ne daga cikinsu ke sanye da hular kwano. Hakan kuwa na faruwa ne a birnin da aka haramta sana'ar acaɓa a tsakiyarsa tun ranar 1 ga Oktoban 2006, zamanin da Malam Nasiru El-Rufa'i yake ministan Babban Birnin Tarayya.

Dokar ta yi tasiri a Maitama da Asokoro da Wuse da Garki, amma ba ta kawar da buƙatar da ta haifi sana'ar ba. Akasarin ma'aikata da 'yan kasuwar Abuja ba a tsakiyar birni suke kwana ba. Suna zaune a Kubwa, Dutsen Alhaji, Lugbe, Karu, Nyanya da Gwagwalada, har da Mararraba a jihar Nasarawa da Suleja a jihar Neja. Motar haya kan sauke su a bakin babban titi, daga nan zuwa ƙofar gida kuwa sau da yawa hanyar ba ta da kwalta, babur ne kaɗai ke ƙarasawa da su. Shi ya sa 'yan acaɓa suka yi matattara a daidai mahaɗun da unguwannin ke haɗuwa da manyan tituna. Ta haka haramcin ya kwashe babur daga titunan da ake tafiya sannu, ya tara shi inda motoci suka fi gudu.

Tsarin titunan kansa yana ƙara tsananta lamarin. Titin Murtala Mohammed da ya nufi Kubwa da Zuba, da titin Umaru Musa 'Yar'adua da ya nufi filin jirgin sama, an faɗaɗa su ne domin mota ta miƙe ba tsayawa, kuma akwai tazara mai nisa tsakanin wata gadar juyawa da wata. Ɗan acaɓar da zai tsallaka da fasinja ɗaya ɓangaren yakan ga zagayen asarar mai ce, musamman tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayun 2023. Sai ya yanke ta hannun da ba nasa ba, ko ya kutsa ta wata kafa da aka fasa a shingen tsakiyar titi.

Ka'idojin hanya na Najeriya sun ƙayyade wa babur gudun kilomita 50 a sa'a, yayin da suka yarje wa motar gida kilomita 100 a irin waɗannan tituna. Idan biyun suka haɗu a layi guda, tazarar gudun kaɗai ta isa ta yi kisa. Ga kuma tifofin da ke jigilar yashi da tsakuwa, da tankoki da tireloli, waɗanda direbobinsu ba sa hango babur ɗin da ya raɓe su ta gefe, kuma ba sa iya tsayawa nan take ko da sun taka birki.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ne ke mutuwa a haɗurran hanya duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a. Hukumar ta ce sanya ingantacciyar hular kwano yadda ya kamata yana rage haɗarin raunin ƙwaƙwalwa da kusan kashi 74 cikin ɗari.

Najeriya ba ta rasa doka a kan haka ba. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ta fara tilasta sanya hular kwano ranar 1 ga Janairun 2009. A lokacin an ga masu kifa ƙwarya ko roba a ka don kauce wa kamu, fasinjoji kuma suka riƙa ƙin hular saboda zafi, da tsoron cutar fata, da jita-jitar cewa ana yin asiri da ita. Ba a jima ba dokar ta yi sanyi. A Kigali, babban birnin Ruwanda, ɗan acaɓa ba ya fita aiki sai da hula biyu da riga mai lamba, domin gwamnati ta amince da sana'ar ta kuma gindaya mata sharuɗɗa. Da wuya hukuma ta koya wa mutum ka'idar aikin da a takarda ta ce bai kamata ya yi shi ba.

Abin da ya faru a Dei-Dei cikin watan Mayun 2022 ya nuna irin nisan da haɗari ɗaya zai iya kaiwa. Wata mata da ke kan babur ta rasa ranta bayan da babbar mota ta bi ta kanta, rikici ya ɓarke tsakanin 'yan acaɓa da 'yan kasuwa, aka ƙona shaguna a kasuwar katako, aka yi asarar ƙarin rayuka, har ministan lokacin, Muhammad Musa Bello, ya ba da umarnin rufe kasuwar.

Martanin mahukunta ya fi karkata ga kame. Hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta birnin, wadda jama'a suka fi sani da VIO, ta sha kwace babura tana murƙushe su a bainar jama'a. Hujjarta ba ta da rauni: ana amfani da babur wajen fisgen waya da jaka, kuma bayan Legas ta haramta acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, kamar yadda Kano ta yi tun 2013, mahukuntan Abuja sun bayyana fargabar kwararowar mahaya zuwa birnin. Sai dai da yawa daga cikin matasan ba su ne masu baburan ba. Sun karɓa ne bisa sharaɗin biyan kuɗi kullum ko duk mako, saboda haka da zarar sun hango jami'ai sai su ƙara wuta da fasinja a baya. Kamen da aka yi don tsare rai kan zama sanadin wani haɗarin.

Akwai kuma mahayan da doka ba ta hana su shiga birni ba, wato masu kai saƙo da abinci, waɗanda yawansu ya ƙaru da bunƙasar ciniki ta intanet. Abin da suke samu ya danganta da yawan saƙon da suka isar, don haka sukan ratsa tsakanin motoci ido na kan waya. Kamfanonin da ke ɗaukar su aiki suna da alhakin horo da inshora da kayan kariya, kuma bin sawunsu ya fi sauƙi ga hukuma domin suna da rajista da adireshi.

Matakan da za su rage asarar ba ɓoyayyu ba ne. Malesiya ta daɗe da keɓe wa babura layinsu a babban titin da ya haɗa Kuala Lumpur da Klang, kuma ƙananan titunan da ke gefen hanyar Kubwa da ta filin jirgi za su iya yin irin wannan aikin idan aka ƙara wuraren tsallakawa da fitilu. Rajistar mahaya a garuruwan kewaye ta hannun ƙungiyoyinsu, da lasisin tuƙin babur, da hana shigo da hulunan da ba su da inganci, duk suna cikin ikon hukumomin da ke akwai. Jirgin ƙasan cikin birni da ya dawo aiki a watan Mayun 2024 zai taimaka ne gwargwadon yadda aka haɗa tashoshinsa da motocin da ke shiga unguwanni.

Bayan aukuwar haɗari ma akwai rayukan da za a iya cetowa. Lambar gaggawa ta FRSC ita ce 122, kuma Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana asibiti ƙin karɓar mai buƙatar agajin gaggawa. Duk da haka, har yanzu akan ciccibi wanda ya bugu a ka ko a wuya ba tare da tallafe shi ba, ko a wuce da shi wurin mai ɗori kafin likita ya duba shi.

Muddin dubban mazauna garuruwan kewaye ba su da wata hanyar isa gida daga bakin titi, babur zai ci gaba da jiran su a can. Abin da ya rage ga Hukumar Babban Birnin Tarayya da FRSC shi ne su yanke ko mahayin zai jira su da hula da lasisi a wurin da aka keɓe masa, ko kuwa zai ci gaba da wasan ɓuya da jami'ai a tsakanin tireloli.