Madawa, Buza da Keita: Abin da Ƙasa Ke Faɗi Game da Asali

A ranar 1 ga watan Nuwamba na shekarar 1991 ƙasar nan tana cikin juyayin abin da ya faru a Toda, cikin jihar Maraɗi, inda faɗan manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100. Shekara 25 bayan haka, a farkon Nuwamba na 2016, aka sake jin irin wannan labari daga Bangi, cikin gundumar Madawa: shanu sun shiga gona, rikici ya tashi, mutane aƙalla 18 suka rasa rayukansu. A farkon Disamba na 2021 kuma, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƴan gudun hijira ta ba da sanarwar cewa mutane fiye da 11,500 sun tsallako a cikin watan Nuwamba daga jihar Sakkwato, suna gudun ƴan bindiga, suka sauka a ƙauyukan Bangi ɗin.

Duk lokacin da irin wannan ya faru, maganar da ke fara yawo a kasuwa da tasha ita ce ta ƙabila: su wane ne suka yi wa su wane. Ya kamata mai karatu ya tsaya ya auna wannan magana da tarihin wurin, domin kalmar da aka yi kuskuren ɗorawa a kan rikici tana iya zame masa makamashi.

Masana ilimin zaman ɗan Adam a doron ƙasa suna rarrabe abubuwa uku waɗanda mu kan haɗa su a baki ɗaya. Al'ada ita ce abin da mutum ya koya wajen zama da jama'a: harshe, sana'a, abinci, ginin gida, yadda ake aure da suna. Addini shi ne abin da ya yi imani da shi, da ibadar da yake yi. Ƙabila kuwa suna ce da jama'a ke kiran kanta da ita, ko wasu ke kiranta, bisa asalin da ake jin an haɗa. Kowane ɗaya daga cikin ukun yana da taswirarsa, kuma da wuya iyakokinsu su faɗa wuri guda. Gundumomin Madawa, Buza da Keita, a jihar Tawa, sun isa shaida.

Mu fara da sarauta. Tarihin Adar, wanda Farfesa Djibo Hamani ya rubuta a littafinsa na 1975, ya nuna cewa Agabba, ɗan Sarkin Agadas, ya ci ƙasar a 1674, kuma zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar Sarkin Adar a Illela. Lisawan, waɗanda gidan sarautar Keita ya fito daga cikinsu, Abzinawa ne da suka zo tare da shi. A yau Hausa ce harshen fada da na kasuwa a Keita. To, mai ƙidaya da ya zo da takarda mai gurbi ɗaya, a ina zai rubuta jikan wannan gida? Idan ya bi harshe, Bahaushe ne. Idan ya bi asali, Ba'abzine ne. Shi kuwa da za a tambaye shi, mai yiwuwa ya ce Ba'adare ne, wato ya kira kansa da sunan ƙasa.

A kudu, Madawa tana cikin Gobir Tudu, sarkinta kuma Sarkin Gobir ake ce masa. Amma a Galma da Azarori, Kel Geres ne ke da sarauta, tun saukowarsu daga Abzin a ƙarni na 18, ga kuma Fulani makiyaya da suka daɗe suna ratsa kwarin Tarka da dabbobinsu. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906 ne suka raba Gobir gida biyu. Don haka waɗanda suka gudo Bangi a 2021 sun tarar da masu harshensu, da yawa ma danginsu na jini ko na aure. Takarda ce kawai ta kira su baƙi.

Haka batun addini yake. Kusan kowa a waɗannan gundumomi Musulmi ne, manomi da makiyayi suna tsayawa sahu ɗaya ranar Juma'a. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a wannan yanki aka san shi, a nan kuma ya yi wafati. Duk da haka kalmar Azna ba ta mutu ba. A da tana nufin masu bin addinin gargajiya. A Adar kuwa tana kuma nufin manoman da aka tarar, masu ƙasa, waɗanda kakanninsu suka fara saran daji. Mutum yana iya zama alhaji, kuma a san gidansu gidan Azna ne. Kalma ɗaya ta tashi daga ma'anar addini ta koma ma'anar asali da haƙƙin ƙasa.

Mulkin mallaka ne ya ƙarfafa ɗabi'ar zuba mutane cikin akwatuna. Ya kafa kanton domin mazauna, ya kafa rukunin makiyaya dabam, kowanne da sarkinsa da kundin harajinsa. Bayan samun ƴancin kai, dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa. Amma fari na 1973 da na 1984 sun rushe wannan rabo: makiyayin da dabbobinsa suka ƙare ya ɗauki hauya, manomin da ya samu kuɗin albasa ko na ci-rani a Abijan ya sayi shanu. Jama'a ta ƙaru, gonaki suka cinye makiyaya da burtali, aka yi lambuna a bakin tabkunan da dabbobi ke sha. Shi ya sa faɗan ke yawan tashi a watan Oktoba da Nuwamba, lokacin da garke ke saukowa daga arewa alhali amfanin gona bai gama shiga rumbu ba. Rikicin da ke da wata da wuri sananne, na ƙasa ne da ruwa. Daga baya ne ake sa masa rigar ƙabila.

Wannan yanki ya taɓa nuna abin da ke yiwuwa idan aka sa ƙasa a gaba. A kwarin Majiya na Buza, tun 1975 aka fara dasa layukan dogon yaro masu tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A Keita, babban aikin raya karkara da ya soma a 1984, da kuɗin Italiya da jagorancin FAO, ya tara ƙauyukan Hausawa da na Buzaye a kan fako ɗaya, akasarin ma'aikatan mata ne masu ɗaukar duwatsu, ana biyansu da abinci. An dasa miliyoyin itatuwa, an yi madatsun ruwa. Sai dai binciken Benedetta Rossi, wanda ya fito a 2015, ya tunatar da mu cewa tsohon bambancin ɗa da bawa bai gushe ba wajen mallakar fili, kuma matalauta ne suka fi ɗaukar nauyin aikin. Wannan ma gaskiya ce da bai kamata a rufe ba.

Abin yi a fili yake. Dokar karkara ta 1993 ta kafa kwamitocin filaye, dokar kiwo ta 2010 kuma ta tabbatar wa makiyayi haƙƙin tafiya da dabbobinsa. Sai a ba waɗannan kwamitoci ƙarfin aiki a Bangi, Urno, Karofan da Tamaske. A kafa alamu a kan burtali. A sanar da ranar sakin gonaki da wuri, a kuma tsaya a kanta. A biya ɓarna da adalci tun kafin gari ya waye. Sarakuna da limamai su tsawatar wa duk mai ɗora laifin ɗan fashi ɗaya a kan dangi duka, domin irin wannan magana ta ƙara rura wutar da ke ci a Zamfara da gabashin Sakkwato.

Wasan taubasantaka na ƙasar nan, irin na Bagobiri da Bazabarme, ya shiga kundin UNESCO a 2014. Kakanninmu sun san bambancin asali, suka mai da shi abin raha. Hausawa sun ce in gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Wutar tana bakin iyaka, kaka kuma tana zuwa kowace shekara.