Sakan nawa, kuma a wane tafki?

Duk telan da ke sayen kayan ɗinki a Kasuwar Ƙofar Wambai ya san cewa tef ɗinsa fuska biyu gare shi: inci a ɗaya, santimita a ɗaya. Ya kuma san yadi bai kai mita ba, domin yadi 100 mita 91.44 ne kacal. Wannan ilimi na kasuwa nake so mu ara yau mu kai shi fagen ninkaya, saboda na lura matasanmu kan ɗauko sakamakon tsere daga intanet su gwada da nasu, ba tare da sun tambayi tsawon tafkin da aka yi tseren ba.

Tafkunan gasa iri uku ne. Akwai mai mita 50, wanda ake amfani da shi a gasar Olamfik. Akwai mai mita 25. Sai mai yadi 25, wanda jami'o'in Amurka ke gasa a cikinsa. Mai karatu zai ce ai mita 100 mita 100 ce ko a ina. A kan tudu haka ne, amma a ruwa akwai bango. Duk sanda ɗan ninkaya ya isa bango ya juya, yakan tokare shi da ƙafafu ya cilla ta ƙarƙashin ruwa da saurin da hannu ba ya iya ba shi, kuma doka ta yarje masa ya yi har mita 15 a nutse. A tseren mita 100, juyi ɗaya ne a dogon tafki, uku a gajere. A na mita 1,500 kuwa, juyi 29 ne da 59. Shi ya sa hukumar ninkaya ta duniya, World Aquatics, take ajiye kundin bajinta biyu daban-daban.

Ga misali daga tseren mita 100 na maza a salon da ya fi sauri. Pan Zhanle na Sin ya yi sakan 46.40 a Faris a 2024, cikin tafki mai mita 50. Kyle Chalmers na Ostireliya ya yi 44.84 a 2021, cikin mai mita 25. Tazarar sakan 1.56 ce, wato kusan 0.8 ga kowane ƙarin juyi. Wannan ya yi daidai da ƙiyasin da masu horarwa suka saba da shi: a ninka lokacin yadi da 1.11 a samu na gajeren tafkin mita, sannan a ƙara 0.8 kan kowane juyin da zai ɓace a dogon tafki.

To, amma a nan gizo ke saƙar. Caeleb Dressel na Amurka ya gama yadi 100 cikin sakan 39.90 a 2018. In aka bi lissafin nan, kamata ya yi ya gama mita 100 a dogon tafki cikin 45.89. A gasar duniya ta 2019, inda ya ci zinare, 46.96 ya yi. Alƙalami ya ba shi fiye da sakan guda wanda ruwa ya hana shi, domin gwanin juyi ne, kuma dogon tafki yana ƙwace masa bangon da yake dogara da shi, ya bar shi da gajiya. Lokacin da aka juya da lissafi ƙiyasi ne kawai, yana da amfani wajen tsara atisaye, amma zalunci ne a zaɓi ɗan wasa ko a ajiye wani a kansa.

Abin ya fi shafar mu fiye da waɗancan. Eric Moussambani na Ikwatoriyal Gini bai taɓa ganin tafki mai mita 50 ba sai da ya je Sidni a 2000. A tafkin otal ya koyi ninkaya, kuma da ƙyar ya kammala mita 100 cikin minti ɗaya da sakan 52.72. Yaran cikin ganuwar Kano da yawa a kududdufi suka koyi iyo, wasu kuma a tafkunan otal waɗanda aka gina domin shaƙatawa, ba bisa awon gasa ba. Yaron da ya ƙirga zuwa da dawowa a irin wannan ruwa ya ce ya yi mita 100, ranar da aka kai shi dogon tafki a Abuja zai ga bango ya yi masa nisa.

Shawarata ga malaman wasanni da hukumomi ita ce: a sa tef a auna kowane tafkin da ake horar da yara a ciki, a rubuta tsawonsa a bango. Kada a rubuta lokacin yaro sai tare da tsawon tafki da ranar tseren. Wanda kuma ake shirin turawa gasar ƙasa, a kai shi ya gwada kansa a mita 50 tun da sauran lokaci, ko da sau biyu ne a shekara. Iya ruwa fidda kai, kuma a ruwan da za a yi gasar ake tabbatar da shi.